Idan An Sallame Ka Daga Aiki a Faransa: Yadda Ake Kai Ƙara Kotun Ma'aikata

Rigimar da ke tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki tana da kotunta daban a Faransa, sunanta conseil de prud'hommes. An fara kafa ta a birnin Lyon a shekarar 1806, zamanin Napoleon, kuma har yau masu zama a kujerarta ba alƙalan makaranta ba ne. Rabinsu daga ɓangaren ma'aikata suke, rabi daga ɓangaren masu kamfani. Mai aikin shara, mai gadi, birkila, mai wanke-wanke a gidan abinci, har mai rainon yara a gidan wani, duk nan suke kai kukansu. Amma ma'aikacin gwamnati, ko wanda ofishin magajin gari ya ɗauka a ƙarƙashin dokar ma'aikatan gwamnati, wannan ba ƙofarsa ba ce. Tasa ita ce tribunal administratif, kotun da ke duba ƙarar da ake kai hukumomin gwamnati, kuma a can wa'adin ƙalubalantar shawarar hukuma wata 2 ne kawai.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, a wannan kotu takarda da kwanan wata su ne ke magana. Gaskiyar da ba ta da takarda tana shan wuya, wadda ta zo bayan wa'adi kuwa ba a ma sauraronta.

Tun daga wasiƙar farko

Mai kamfani ba shi da ikon korar mai kwantiragin dindindin (CDI) da baki. Dole ya fara aiko maka da takardar kira zuwa ganawa, wato entretien préalable, ko dai ta wasiƙa mai rajista ko hannu da hannu ka sa hannu. Tsakanin zuwan takardar da ranar ganawar sai an bar aƙalla kwanakin aiki 5 cikakku. A wannan lissafi ana ƙirga Asabar, amma ba a ƙirga Lahadi da ranakun hutun ƙasa.

Idan ɗan gidan waya bai same ka ba ya bar maka 'yar takardar sanarwa, je ka karɓi wasiƙar. Kwana 15 gidan waya ke ajiye ta. Ƙin karɓa ba ya tsayar da komai, kai ne kawai za ka zauna cikin duhu ana ci gaba da shirin korarka.

Kada ka tafi ganawar kai kaɗai. Doka ta ba ka damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ma'aikata. Idan kamfanin ba shi da wakilan ma'aikata, akwai mutanen da ake kira conseiller du salarié, sunayensu na nan a ofishin magajin gari da ofishin sufetocin aiki, kuma ba sa karɓar ko sisi. Amfanin wannan mutum ya wuce raka ka: shi zai rubuta abin da aka faɗa a ɗakin, kuma rubutun nasa zai iya zama shaida a gaba. A ganawar ka saurari laifin da ake ɗora maka, ka nemi a faɗi rana da wuri, ka ba da amsa a taƙaice. Ba wurin neman gafara ba ne. Ladabin da muka saba da shi na cewa "a yi haƙuri, na yi kuskure" don a kashe magana, a nan ana iya rubuta shi a matsayin amsa laifi.

Bayan ganawa, sai an jira aƙalla kwanakin aiki 2 kafin a aiko da takardar kora. Idan kan laifi ne aka kore ka, ba za ta wuce wata 1 bayan ganawar ba. Haka kuma ba a fara hukunta ma'aikaci kan abin da kamfani ya sani fiye da wata 2 da suka wuce bai ce komai ba. Ka riƙe waɗannan ranaku da kyau, ka ajiye har ambulan, domin hatimin gidan waya da ke kansa hujja ne.

Takardar korar ita ce ƙashin bayan shari'ar. Dalilan da aka rubuta a cikinta su kaɗai kotu za ta duba, kamfani ba zai zo daga baya ya ƙaro sabo ba. Idan ka ga dalilin a dunƙule yake, kamar a ce "ba ya aiki yadda ya kamata", kana da kwana 15 ka rubuta ka nemi ƙarin bayani, su ma suna da kwana 15 su amsa.

Ga wani tarko da ya shafi masu zuwa gida hutu. Tun watan Afrilun 2023, wanda ya daina zuwa aiki ba dalili, aka aika masa gargaɗi da wa'adin aƙalla kwana 15 bai dawo ba, ana ɗaukar sa tamkar shi ya ajiye aiki da kansa, kuma hakan na hana shi kuɗin rashin aikin yi. Idan rashin lafiya ko matsalar jirgi ta riƙe ka a Maraɗi ko Damagaram, ka sanar a rubuce tun daga can, ka haɗa da takardar likita ko ta kamfanin jirgi, kuma ka sa wani ya riƙa duba maka akwatin wasiƙa.

Takardun ranar fita

Takardu uku ake ba ka: shaidar aiki (certificat de travail), takardar France Travail, hukumar kula da marasa aikin yi wadda a da ake kira Pôle emploi kafin Janairun 2024, da kuma reçu pour solde de tout compte, wadda ke jera kuɗin da aka biya ka na ƙarshe. Ta ukun nan ba wajibi ba ne ka sa mata hannu, kuma ƙin sa hannu ba ya ba su damar riƙe maka kuɗi. Idan ka riga ka sa, kana da wata 6 ka ƙalubalanci adadin da ke ciki ta wasiƙa mai rajista. Ko da an ce babban laifi ka yi, je ka yi rajista a France Travail nan take. Faute grave, wato babban laifi, ba ta hana kuɗin rashin aikin yi.

Wa'adi

Ƙalubalantar kora: wata 12 daga sanarwar. Albashi da kuɗin ƙarin awowi: shekara 3. Sauran abin da ya shafi gudanar da kwantiragi: shekara 2. Wariya da tsangwama: shekara 5. Don kauce wa gardama, ka fara ƙirga wata 12 ɗin daga ranar da ke rubuce a saman takardar kora.

Inda mutane da yawa ke faɗawa shi ne zaton cewa wasiƙar ƙorafi da suka aika wa kamfani, ko kai kuka wurin sufeton aiki, ko alkawarin "za mu duba" ya tsayar da agogo. Bai tsayar ba. Shigar da ƙara a kotu shi ke tsayar da shi. Ana iya ci gaba da tattaunawa bayan an shigar, don haka ba dalilin jira.

Tattara hujja

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka rufe maka akwatin imel na aiki, abin da ba ka kwafa ba ya tafi. Ka tara kwantiragi da duk gyaran da aka yi masa, takardun albashi na aƙalla wata 12 na ƙarshe, jadawalin aiki, gargaɗin da aka taɓa ba ka, takardun likita, da saƙonnin waya ko WhatsApp tsakaninka da shugabanka, a ɗauki hotonsu yadda lamba da kwanan wata za su fito. Takardun kamfani da ka san su ta dalilin aikinka, an yarda ka gabatar da su idan kare kanka ya dogara da su, amma ba kwasar komai da komai ba.

Shaidar baki ba kasafai ake kiran ta ɗakin kotu ba, rubuta ta ake yi. Akwai fom na musamman, Cerfa 11527. Mai shaida zai rubuta da hannunsa abin da ya gani ko ya ji da kansa, da rana da wuri, ya sa hannu, ya haɗa da kwafin katin shaidarsa. Shaidar da ke cewa "mutumin kirki ne" ba ta da nauyi. Wadda ke cewa ranar kaza da ƙarfe kaza na ji shugaba ya ce masa ya tafi gida, ita ce ke aiki. Tsofaffin ma'aikatan da suka bar kamfanin sun fi saurin yarda su rubuta, tunda ba abin da za a yi musu.

Game da naɗar murya a ɓoye, babbar kotun Faransa, Cour de cassation, ta sassauta a hukuncinta na 22 ga Disamba 2023: alƙali zai iya karɓa idan babu wata hanyar tabbatar da abin, kuma bai wuce gona da iri ba. Kada ka gina shari'arka a kan wannan kaɗai, domin ana iya watsar da shi.

Batun ƙarin awowi ya cancanci tsayawa, don sau da yawa kuɗin da ke nan ya fi na korar kanta. Makon aiki awa 35 ne. Idan babu wata yarjejeniya daban, awa 8 na farko da suka hau kai ana ƙara musu kashi 25 cikin ɗari, na bayansu kashi 50. Doka ba ta ɗora maka duk nauyin hujja ba. Abin da ake so daga gare ka shi ne lissafi bayyananne: tebur mako-mako, ranar kaza na fara ƙarfe kaza na tashi ƙarfe kaza. Daga nan kamfani ne zai kawo nasa rajistan ya ƙaryata, kuma wanda bai riƙe rajista ba ya shiga uku. Cewa "kullum ina wuce lokaci" ba tare da tebur ba kuwa, ba ya kai ko'ina.

Lissafin abin da za ka nema

Kotu ba ta ba ka abin da ba ka nema ba, kuma kowace buƙata sai da adadinta. Ana lissafi da albashi kafin a cire haraji da sauransu, wato brut, a ɗauki matsakaicin wata 12 na ƙarshe ko na wata 3, wanda ya fi maka.

Mu ɗauki misalin ma'aikaci mai albashin yuro 2,000, shekara 5 a kamfani mai ma'aikata 11 ko fiye, aka kore shi da sunan faute grave. Wannan suna yana hana shi kuɗin wa'adin sallama da kuɗin sallama. Nauyin tabbatar da babban laifi kuwa a kan kamfani yake, kuma idan shakka ta rage, ma'aikaci ke cin moriyarta. Idan kotu ta ga babu dalili na gaske mai ƙarfi, ga abin da zai nema. Wa'adin sallama wata 2 ne ga wanda ya kai shekara 2 (wata 1 ga mai tsakanin wata 6 da shekara 2), ke nan yuro 4,000, da kashi 10 cikin ɗari na kuɗin hutu a kai, 400. Kuɗin sallama na doka, wanda ake samu daga wata 8 na aiki, rubu'in albashin wata ne kan kowace shekara har zuwa 10, sulusi bayan haka: 500 sau 5, ke nan 2,500. Idan an dakatar da shi ba albashi kafin korar, sai ya nemi kuɗin kwanakin. Sannan diyya.

Diyyar tana da ƙasa da sama tun dokar 22 ga Satumba 2017, wadda ake kira barème Macron, kuma Cour de cassation ta tabbatar da ita a 11 ga Mayu 2022. Mai shekara 1 yana samun albashin wata 1 zuwa 2, mai shekara 2 wata 3 zuwa 3 da rabi, mai shekara 5 wata 3 zuwa 6, mai shekara 10 wata 3 zuwa 10, iyaka ta ƙarshe wata 20. Mutumin misalinmu ke nan yana tsakanin 6,000 da 12,000. A ƙananan kamfanoni masu ƙasa da mutum 11, ƙasan ya fi sauka. Abin da ke tura alƙalai zuwa saman ma'auni shi ne hujjar wahalar da ka sha: takardun France Travail, neman aikin da ka yi aka ƙi, shekarunka, nauyin iyali.

Wannan iyaka ba ta aiki idan korar ta samo asali daga wariyar launin fata, asali ko addini, tsangwama, ciki, ko take wani babban 'yanci. A nan korar rusasshiya ce, diyya ba ta gaza albashin wata 6 ba, kuma ana iya neman komawa aiki. Idan kuwa dalilin korar ya inganta, hanya kawai aka saɓa, kamar rashin cika kwanakin aiki 5 ɗin nan na kafin ganawa, diyyar ba ta wuce wata 1.

Kafin ka rufe lissafi, duba takardar albashinka ka ga sunan yarjejeniyar sana'arku, convention collective, ka karanta ta a Légifrance, shafin intanet na dokokin Faransa. Sau da yawa tana ba da fiye da abin da doka ta ƙayyade.

Wanda ba shi da takardar izinin aiki shi ma yana da haƙƙi a wannan kotu. Doka ta ba shi albashin duk aikin da ya yi, tana ɗaukar cewa ya yi wata 3 sai in an kawo hujjar akasi, sannan idan aka raba shi da aikin yana da diyyar albashin wata 3. Idan kuma mai aikin ya ɓoye shi bai yi masa rajista ba, diyyar aikin ɓoye wata 6 ce, sai a ba shi tsarin da ya fi masa amfani daga cikin biyun. Mai irin wannan hali ya fara zama da ƙungiyar ƙwadago ko lauya kafin ya motsa.

Shigar da ƙara

Kotun da ke yankin wurin aikinka ita ce ta asali. Idan ba ka da tsayayyen wurin aiki, ta yankin gidanka. Kana kuma iya zaɓar ta inda aka ƙulla kwantiragin ko inda hedikwatar kamfanin take. Ana cike fom Cerfa 15586, a rubuta taƙaitaccen labari, a jera buƙatu da adadinsu, a sa wa kowace takarda lamba, a haɗa da jerin sunayensu da ake kira bordereau. Kwafi ɗaya na ofishin magatakardan kotu, greffe, sannan ɗaya ga kowane wanda ake ƙara. Za ka iya kaiwa da kanka ko ta gidan waya. In ka kai da kanka, a buga maka hatimi a naka kwafin.

Lura da sunan wanda kake ƙara. Ba sunan da ke jikin allon shago ba, ba kuma kamfanin da kake share wa ofis ba. Sunan da ke kan takardar albashi, tare da lambar rajistar kamfanin, wato SIRET, shi ne. Idan kamfanin ya karye, sai a kira wanda kotu ta naɗa ya kula da shi, tare da asusun AGS mai lamunin albashin ma'aikata.

Lauya ba dole ba ne a wannan mataki. Kana iya tsayawa da kanka, ko matarka ko mijinki, ko abokin sana'a, ko défenseur syndical, wato mai kare ma'aikata da ƙungiyoyin ƙwadago irin su CGT, CFDT ko FO ke gabatarwa, wanda ba ya karɓar lada. A ganinmu, ƙarar albashin wata biyu mutum na iya riƙe ta da kansa, amma ta wariya ko ta babban laifi tana son gwani. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi aide juridictionnelle, inda gwamnati ke biyan lauya duka ko wani ɓangare. Tun hukuncin Majalisar Tsarin Mulki na 28 ga Mayu 2024, ba a hana baƙon da ke zaune a Faransa wannan tallafi don kawai ba shi da takardar zama.

Zaman sulhu

Zama na farko a gaban mutum biyu ne, ɗaya daga kowane ɓangare, ƙofa a rufe. Ana kiran sa bureau de conciliation et d'orientation. Kada ka ƙi zuwa: rashin halarta ba uzuri na iya sa a kashe ƙarar, ko a yanke hukunci ba tare da an ji ta bakinka ba.

Wannan zama yana da iko fiye da yadda ake zato. Zai iya tilasta a ba ka takardun da aka riƙe, da tara kan kowace ranar jinkiri, zai kuma iya sa a biya ka wani ɓangare na bashin da ba gardama a kansa, har zuwa albashin wata 6. Sai dai ka nema.

Akwai ma'aunin sulhu na doka: wata 2 ga wanda bai cika shekara ba, wata 3 ga mai shekara 1, ana ƙara wata ɗaya kowace shekara har zuwa ta 8, ya ƙare a wata 24 ga mai shekara 30. Mutumin misalinmu ya faɗa kan wata 7, wato yuro 14,000, sama da iyakar abin da hukunci zai ba shi na diyya. Ba a tilasta wa kamfani ya yarda, amma adadi ne mai kyau na buɗe ciniki. Shari'a takan wuce shekara kafin hukunci, ƙwai a baka kuwa ya fi kaza a akurki. Abin kiyayewa shi ne rubutun yarjejeniyar: idan aka rubuta ka yafe duk wata buƙata, ƙarin awowinka ma sun tafi. Ka tabbata an fayyace ko adadin brut ne ko net, wato abin da ya rage bayan cire-cire, da ranar biya.

Wasu ƙararraki ba sa bi ta sulhu, kai tsaye suke zuwa hukunci, kamar neman mai da kwantiragin wucin gadi (CDD) na dindindin. Abin gaggawa marar gardama kuma, kamar albashin da aka ƙi biya, yana da gajeriyar hanya mai suna référé.

Ranar shari'a da bayanta

In sulhu ya ƙi, za a ba ku jadawalin musayar takardu. Duk takardar da za ka nuna wa alƙalai sai ka aika wa ɗaya ɓangaren tun da wuri, ka riƙe shaidar aikawa. Wadda aka zaro daga aljihu ranar shari'a ana iya ƙin karɓarta, ko a ɗage zaman da watanni. Takardar da ba da Faransanci take ba, a fassara ta.

A zaman hukunci mutum huɗu ne, biyu-biyu. Kai za ka fara magana, lokaci kaɗan ne, don haka ka bi ranaku a jere, kana ambaton lambar takarda, ka miƙa fayil ɗinka a shirye. Yawanci ba a yanke hukunci a ranar, za a faɗa muku ranar fitowarsa. Idan huɗun suka rabu biyu da biyu, sai a sake zama ƙarƙashin ƙwararren alƙali daga kotun gama-gari, tribunal judiciaire, abin da ake kira départage, kuma wannan na ƙara tsawon jira.

Wanda bai gamsu ba yana da wata 1 daga isowar hukuncin ya ɗaukaka ƙara, kwana 15 idan référé ne, kuma a can dole sai da lauya ko défenseur syndical. Idan jimillar abin da aka nema bai wuce yuro 5,000 ba, babu ɗaukaka ƙara, sai dai Cour de cassation cikin wata 2. Ka sani kuma wanda ya faɗi ana iya sa shi biyan wani ɓangare na kuɗin lauyan abokin shari'arsa, a ƙarƙashin sashe na 700 na dokar tafiyar da shari'a, don haka kai ma ka sa wannan cikin buƙatunka.

Ko da kamfani ya ɗaukaka ƙara, albashi, kuɗin wa'adi, na hutu da na sallama ana biyan su nan take, har zuwa albashin wata 9. Idan ya yi shiru, aika masa wasiƙa mai rajista da lambar asusunka da gajeren wa'adi. In wa'adin ya wuce, ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimin zartarwa daga greffe, ka kai wa commissaire de justice, wanda a da ake kira huissier. Shi ke da ikon isar da hukuncin a hukumance, ya kuma riƙe kuɗin kai tsaye daga asusun bankin kamfanin.